Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Maganar Ƙarfe Da Shuka A Ikara Da Makarfi Da Kudan

Kowa ya san ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya san jar ƙasa. Ita ce a kan hanya, ita ce a jikin katanga da soraye, in kuwa mai haƙa rijiya ya ɗan yi nisa sai ya ci karo da marmara. Wannan ja da mu ke gani ba kome ba ne illa tsatsar ƙarfe. Mutanen dā sun san haka tun kafin zuwan boko, gama masu binciken tarihi sun tono wuraren da aka riƙa narka tama a yammacin Samaru, waɗanda suka haura shekara 1,000. Masana kuma sun auna sun ce wajen kashi 5 cikin 100 na ɓawon duniya ƙarfe ne, shi ne na huɗu wajen yawa. Duk da haka, a kan wannan ƙasa mai arzikin ƙarfe a kan sami shuka tana fama da yunwar ƙarfe, ganyenta ya koɗe ya yi rawaya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Wannan al'amari shi mu ke so mu tattauna yau da malaman makaranta da akawunan hukuma, domin su ne idon jama'a a ƙauye. Su a ke kawo wa takarda a ce karanta mini, su kuma a ke tambaya in abu ya shige duhu. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, lokaci ya yi da za a koya wa yaranmu, da Hausa, a cikin gonar makaranta, yadda shuka ke samun ƙarfe da abin da ta ke yi da shi. Wani zai ce ai wannan ilmin manyan jami'o'i ne. Mu kuwa mun ce ilmin manomi ne, gama kuɗin takinsa da jinin 'ya'yansa duka suna rataye a kansa. To, bari mu bi abin daki-daki.

Mene Ne Furotin?

Jikin kowace shuka an gina shi ne da waɗansu 'yan ɗakuna ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su a ke kira ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki yana da bango da ƙofofi da ma'ajiya da madafa, ma'aikatan da ke gudanar da aikin cikinsa kuwa su ne furotin. Yawancinmu mun san kalmar furotin wajen abinci ne kaɗai, watau abin nan da a ke cewa yana cikin nama da ƙwai da wake, yana gina jiki. Gaskiya ne, amma furotin iri-iri ne, dubbai, kowanne da aikinsa, kamar yadda a ofis a ke da mai gadi da masinja da ma'aji da magatakarda. Wani furotin ƙofa ne, ba ya barin kome ya wuce sai abin da aka umarce shi. Wani ɗan dako ne. Wani kuwa aikinsa ya juya abu daga wata siffa zuwa wata.

Shuka ba ta bukatar ƙarfe da yawa. A cikin kilo guda na busasshen ganye, ƙarfen da ke ciki bai cika wuce miligiram 50 zuwa 250 ba, watau bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa guda ba. Amma in babu wannan ɗan kaɗan, aiki ya tsaya. Mafi yawan ƙarfen ganye, kamar kashi 80 cikin 100, yana cikin madafar ƙwayar halitta, inda shuka ke haɗa hasken rana da ruwa da iska ta yi sukari. A nan akwai furotin masu riƙe da ƙarfe a jikinsu, irin su feredoksin da saitokurom, waɗanda ke miƙa ƙarfin hasken rana hannu da hannu, kamar yadda magina ke miƙa wa juna tubali. Shi kansa koren ganye, watau kulorofil, babu ƙarfe a jikinsa, amma furotin da ke ƙera shi ba su aiki sai da ƙarfe. Shi ya sa da ƙarfe ya yanke sai kore ya gushe. Ashe zaƙin raken Makarfi, wanda a ke matsewa a dafa a yi mazarƙwaila, sai da ya bi ta hannun waɗannan furotin masu ƙarfe kafin ya kai bakinmu.

Ba yau aka fara gane wannan ba. A cikin shekarun 1840 wani Bafaranshe mai suna Eusèbe Gris ya shafa ruwan gishirin ƙarfe a kan ganyen da ya koɗe, sai ya ga kore ya komo cikin 'yan kwanaki. Manoman inabi na Faransa sun daɗe suna fama da wannan ciwo a gonakin da ke da duwatsun farar ƙasa. Masu gonakin inabi na Kudan ya kamata su san wannan labari, gama inabi yana cikin shuke-shuken da ke saurin nuna yunwar ƙarfe.

Hanya Biyu Ta Ɗaukar Ƙarfe

To, me ke hana shuka cin ƙarfen da ta ke tsaye a kansa? Amsa ita ce, ƙarfen ƙasa siffa biyu gare shi. Akwai wanda masana ke kira mai caji uku, shi ne tsatsa, ba ya narkewa cikin ruwa. Akwai kuma mai caji biyu, shi yana narkewa. Saiwa ba ta iya shan abin da bai narke ba, a ƙasar da ke shan iska kuwa kusan dukan ƙarfe yana zaune a siffar tsatsa. Har wa yau narkewarsa ta dogara ga tsamin ƙasa. Akwai ma'auni na tsami mai hawa daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya, abin da ya gaza 7 yana ɓangaren tsami, abin da ya haura 7 yana ɓangaren kanwa da toka. Duk sa'ad da ma'aunin ya hau mataki guda, narkewar ƙarfe mai caji uku ta kan ragu har sau 1,000. Dukiya dai tana nan, amma an kulle ta.

A 1986 waɗansu Jamusawa biyu, Volker Römheld da Horst Marschner, suka bayyana cewa shuke-shuke suna buɗe wannan kulle ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce ta masu faɗin ganye, kamar tumatir da tattasai da gyaɗa da wake da waken soya da inabi. Su aikin mataki uku ne. Da fari wani furotin da ke bangon saiwa ya kan tura tsami waje, ya sassauta tsatsar da ke kewaye, kamar yadda matan gida ke cuɗa wuƙa mai tsatsa da tsamiya ko lemon tsami. Sa'an nan wani furotin, wanda aka gano a 1999 aka sa masa suna FRO2, ya juya ƙarfen daga mai caji uku zuwa mai caji biyu. Daga nan sai furotin na uku, IRT1, wanda aka gano a Amurka a 1996, ya buɗe ƙofa ya shigar da shi cikin saiwa.

Waɗannan ma'aikata uku ba su aiki ka'in da na'in kullum, sai an ba su umarni. Abin sha'awa, a jikin tumatir aka fara gano mai ba da wannan umarni, tumatir ɗin nan da Ikara ta yi suna a kansa. An daɗe da sanin wani irin tumatir mai naƙasa, wanda ke koɗewa ya lalace a ƙasar da 'yan'uwansa ke yin kore shar. A 2002 masana a Jamus suka nuna cewa abin da ya rasa wani furotin ne guda, mai suna FER. Shi ne in shuka ta ji yunwar ƙarfe ya ke ta da sauran ma'aikatan saiwa. In babu shi, ƙarfe yana bakin ƙofa, ba mai cewa a buɗe.

Hanya ta biyu ita ce ta dangin ciyawa, watau dawa da gero da masara da shinkafa da alkama da rake. Su kamar mai zura guga a rijiya su ke yi. Saiwa ta kan fid da wani sinadari, wanda furotin na cikinta suka ƙera, ya fita cikin ƙasa ya cafke ƙarfe mai caji uku kamar awartaki, sa'an nan wata ƙofa ta jawo su ciki tare. Wani masani na Japan, Sei-ichi Takagi, shi ya fara gano wannan sinadari a 1976. Ƙofar kuwa a jikin masara aka gano ta a 2001, ta hanyar nazarin wata masara mai naƙasa wadda ganyenta ke yin ratsi-ratsin rawaya, aka sa mata suna YS1. Amma dangin ciyawa ba su zama ɗaya ba wajen wannan aiki. Sha'ir da alkama suna fid da sinadarin da yawa, dawa da masara da shinkafa kuwa kaɗan su ke fitarwa, shi ya sa su suka fi saurin koɗewa a ƙasa mai kanwa.

A nan akwai abin da zai faranta ran tsofaffin manomanmu. Masana a ƙasar Sin sun gwada shuka gyaɗa ita kaɗai, da kuma shuka ta tare da masara, a ƙasar da ke kulle ƙarfe. Wadda ke ita kaɗai ta koɗe, wadda saiwarta ta cuɗanya da ta masara kuwa ta yi kore, domin ta ci moriyar ƙarfen da masara ta kwance. Iyayenmu da ke haɗa dawa da wake, ko gero da gyaɗa, a gona guda suna da dalilansu na tsoron fari da neman abinci iri biyu, amma ga shi ilmin zamani ya ƙara musu wata hujja. Malamin da ke koya wa yara cewa haɗa shuka aikin jahilci ne, lalle ya sake tunani.

Ma'aji Da Baitulmali

Shigar ƙarfe cikin saiwa rabin aiki ne. Ƙarfe kamar wuta ya ke, yana dafa abinci a murhu, in kuwa ya kuɓuce ya cinye gida. In ya yi yawo sake a cikin ƙwayar halitta, ya kan haifar da waɗansu abubuwa masu ƙone bangonta da kayan cikinta. Saboda haka shuka ba ta barinsa ya yi tafiya ba rakiya. A kan ɗaure shi da waɗansu sinadarai a hau da shi ganye, abin da ya yi saura kuma a kai ma'ajiya. Babban ma'ajin shi ne wani furotin mai suna feritin. An gina shi da guntaye 24 da suka haɗu suka yi kamar tulu, tulu guda kuwa yana iya ɗaukar ƙwayar zarra ta ƙarfe har 4,500. Akawun da ya san aikin baitulmali ya san wannan tsari, kuɗi ba su kwana a kan tebur, kuma ba su fita sai da takarda.

Sa'ad da shuka ta zo yin 'ya'ya, ta kan zuba wa kowace ƙwayar iri guzurinta na ƙarfe. A wake da waken soya wani kashi yana cikin feritin. A waɗansu shuke-shuke kuwa wani furotin mai suna VIT1 ke shigar da shi cikin wata jaka a tsakiyar ƙwayar halitta, ran da iri ya tsira sai waɗansu furotin dabam su buɗe jakar su fito da shi. Da wannan guzuri tsiro ke rayuwa kafin saiwarsa ta kama aiki.

Masu noman shinkafa a fadama su kan ga ɗaya gefen wannan magana. Inda ruwa ya kwanta ya daɗe, iska ba ta shiga ƙasa, sai ƙarfe ya juye da kansa ya zama mai caji biyu, ya narke fiye da kima. A kan ga wani maiƙo-maiƙo mai launin tsatsa a saman ruwa, ganyen shinkafa na ƙasa ya yi ɗige-ɗige ja-ja daga baki, har ya koma launin tagulla. Nan ma'aji ne kaya suka fi ƙarfinsa. Wannan ciwo sananne ne a fadamun Afirka ta Yamma, maganinsa kuwa a gyara magudanar ruwa, a nemi irin da ke jurewa. Ashe a gunduma guda a na iya samun yunwar ƙarfe a tudu da gubar ƙarfe a fadama.

Akwai kuma wani furotin mai ƙarfe wanda kowane yaro zai iya ganin aikinsa da idonsa. A tumɓuke gyaɗa ko wake ko waken soya sa'ad da su ke fure, za a ga 'yan gudaje kamar ƙuraje a jikin saiwa. A tsaga guda da reza. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, to, yana aiki. Wannan ja wani furotin ne mai suna leghimogulobin, ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja, wani masani na Japan mai suna Kubo ya fara ba da labarinsa a 1939. A cikin gudajen nan akwai ƙwayoyin bakteriya masu kamo naitirojin daga iska su mai da shi taki, da taimakon wani furotin da shi ma cike ya ke da ƙarfe. Iskar oksijin tana lalata wannan furotin, aikin jan nan kuwa shi ne ya riƙe ta, ya riƙa ba da ita daidai gwargwado. Wannan ne asirin da ya sa gonar da aka yi wake bara ta ke yi wa masara kyau bana.

Abin Da Ganye Ke Faɗa

Yanzu mu zo ga aljihun manomi. Kada wani ya karanta wannan ya tafi yana cewa duk ganyen da ya yi rawaya ƙarfe ya rasa. Galibin ƙasarmu ta tudu tana da ɗan tsami, saboda haka yunwar ƙarfe ba ta game ko'ina ba. Mafi yawan rawayar da a ke gani a masara da dawa rashin naitirojin ne, wani lokaci kuma ƙuduji ne ke tsotse shuka, ko cutar da ƙwari ke yaɗawa mai sa ratsi a ganye. Yunwar ƙarfe tana da wurarenta, inda aka daɗe a na zuba toka, da tsohon kufai, da ƙasa mai kanwa-kanwa, da lambun da a ke yi wa ban ruwa da ruwa mai kanwa, da kuma gyauron rake sa'ad da ya ke sabon toho.

Bambancewa ba ta da wuya ga wanda ya san dalili. Shuka tana iya kwashe naitirojin daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa in shi ne ya gaza, ganyen ƙasa ke fara yin rawaya, a masara ya taso daga tsinin ganye ya bi tsakiya. Ƙarfe kuwa in ya zauna a tsohon ganye da wuya ya tashi, saboda haka sabon ganye na sama shi ke koɗewa, jijiyoyinsa su rage kore kamar raga, in abin ya tsananta ya yi fari fat. A dawa da rake sai a ga dogayen layuka, kore da rawaya, tun daga gindin ganye har ƙarshensa.

Ga inda hasara ta ke. Buhun yuriya naitirojin ne kaɗai a ciki. Buhun kamfa abu uku ne, naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Ba a yi ko ɗaya daga cikinsu domin ƙarfe ba. Manomin da ya ga tumatirinsa ko rakensa ya koɗe daga sama, ya sai da akuya ya ƙaro buhu, ya zuba kuɗinsa ne inda ba za su yi magani ba, yawan fosfaras ma ya kan ƙara ɗaure ƙarfen. Abin da zai taimake shi ya fi haka araha. Ya daina jibge toka wuri guda, ya yawaita takin gida da ya ruɓe sosai, gama yana riƙe ƙarfe a siffar da saiwa ke iya ɗauka, ya kiyaye yawan ban ruwa, in kuwa abin ya yi tsanani ya nemi shawarar malamin gona a kan fesa ruwan gishirin ƙarfe a ganye. Manomin da ya san duba ganye, sama ko ƙasa, ya tsirar da akuyarsa.

Daga Gona Zuwa Jini

Magana ta biyu ta fi ta kuɗi nauyi. Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙarfe kamar giram 3 zuwa 4, wajen kashi biyu cikin uku yana cikin jini. Talakan da ba ya samun nama kullum, kusan dukan ƙarfen jininsa daga tuwo da wake da ganyen miya ya ke fitowa, watau abin da furotin na saiwa suka ɗauko, na ƙwayar iri suka ajiye. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Ba mu ce duka rashin ƙarfe ne ba, gama zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ciwon sikila suna da nasu rabo. Amma rashin ƙarfe yana cikin manyan dalilai, yaron da jininsa ya gaza kuwa shi ne mai gyangyaɗi a aji, wanda malami ke yi wa tsawa yana ce masa rago.

Sanin aikin furotin ya buɗe hanyar gyara. A 1999 masana a Japan suka ɗauki umarnin gado na ƙera feritin daga waken soya suka sa a shinkafa, ƙarfen ƙwayarta ya ninka har kusan sau uku. Waɗansu kuma suka bi hanyar da aka saba, ta zaɓen iri da barbara. Ta haka aka sami geron nan mai suna Chakti, wanda aka fitar a Jamhuriyar Nijar a 2018, mai ɗauke da ƙarfe kamar miligiram 65 a kilo, alhali irin da manoma suka saba da shi wajen 47 ya ke da shi. A madafa ma akwai abin lura. Ƙarfen hatsi ya fi taruwa a fatar ƙwaya, saboda haka surfe mai tsanani ya kan tura shi cikin dusa, awaki su ci mu rasa. Jiƙa hatsi da tsimawa, irin na kamu, yana kwance wani sinadari da ke ɗaure ƙarfe. Tumatir da lemo da gwaba suna taimakon jiki ya sha ƙarfen abinci, shayi mai kauri kuwa in an sha tare da abinci yana hanawa.

Masu Cewa Abin Ya Yi Zurfi

Mun san abin da waɗansu 'yan'uwanmu malamai za su ce. Za su ce yaran da har yanzu a ke fama da su kan karatu da lissafi, ina su ina feritin? Za su ce kuma makarantun ƙauye ba su da madubin likita, balle ɗakin gwaji. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a ɗora wa ɗan firamare haddar IRT1 da YS1 ba. Waɗannan sunaye na malami ne, domin ya san tushen abin da ya ke faɗa. Abin da yaro ke bukata abu huɗu ne, ya san ƙasa cike ta ke da ƙarfe amma a kulle, ya san saiwa ma'aikata gare ta masu buɗewa, ya san bambancin rawayar sama da ta ƙasa, ya kuma san ƙarfen jininsa daga gona ya fito. Yaron da ke iya rarrabe maiwa da gero tun suna tsiro, wannan ba zai gagare shi ba.

Kayan gwaji kuwa suna nan a kewayen makaranta. Reza guda da gindin gyaɗa sun isa darasin jan furotin. Ƙusa biyu masu tsatsa, ɗaya cikin ruwan tsamiya ɗaya cikin ruwan toka, sun isa darasin tsami. A shuka waken soya a gwangwani biyu, ɗaya a cakuɗa ƙasarsa da toka mai yawa, yara su riƙa duba sabon ganye kowace safiya suna rubutawa. In ya koɗe, malami ya narka ƙwayar ƙarin jini biyu ko uku, irin mai gishirin ƙarfe, a rabin kofin ruwa, ya shafa wa rabin ganye guda, a jira kwanaki a gani. Gwajin Gris ke nan na shekarun 1840, a gwangwanin madara. Sai dai malami ya riƙe ƙwayoyin a hannunsa, gama yawansu guba ne ga ƙaramin yaro.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can irin gyaɗa na SAMNUT da wake na SAMPEA da masara ta SAMMAZ suka fito. Samaru ba ta da nisa da Hunkuyi, amma ilmin da ke cikinta ya kan yi shekaru bai isa ajin firamare na ƙauyen da ke maƙwabtaka da ita ba, domin da Turanci ya ke, kuma ba a ɗora wa kowa nauyin kai shi ba. Mu da ke aikin horar da malamai muna ganin nan ne gadar ta ke, gama malami guda in ya fahimta, yara ɗaruruwa sun fahimta, kowane yaro kuwa gida ya ke komawa da yamma.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na ɗaya, kwalejojin horar da malamai su sa wannan darasi cikin koyarwar aikin gona da kimiyya, kada ɗalibi ya karɓi takardar shaida sai ya tsaga gudan saiwa da hannunsa, ya kuma rarrabe rawayar sama da ta ƙasa a gona. Na biyu, hukumomin ilmi na Ikara da Makarfi da Kudan su farfaɗo da gonar makaranta, ko da kunya goma ce, a mai da ita wurin darasi, a daina mai da ita wurin horon mai laifi. Na uku, masanan Samaru su rubuta ɗan littafi da Hausa, mai hotuna masu launi na ganyen masara da dawa da rake da tumatir da inabi, su kuma daidaita mana sunayen da za mu riƙa kiran waɗannan abubuwa, kada kowane malami ya ƙirƙiro nasa. Na huɗu ya shafi akawuna. Ku ne ke rubuta takardun rabon taki da iri, ku manoma ke tararwa a ofis. In mutum ya zo yana kukan gonarsa ta yi rawaya, ku tambaye shi, ganyen sama ne ko na ƙasa? Sa'an nan ku haɗa shi da malamin gona kafin ya kashe kuɗinsa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabon gini ko motar hukuma. Malamin da ya karanta wannan, kada ya jira takarda daga ofishin ilmi. Da damina ta kankama, gyaɗa ta fara fure, ya fita da ajinsa bakin gona, a nemi iznin mai ita, a tumɓuke gindi guda a tsaga a gani.